Ba kowane aiki ya kamata waya ta tura wa gajimare ba

Kafin la'asar, teburin mai cajin waya a Babbar Kasuwar Katsina ya cika maƙil. Mai POS da mai tallar atamfa a WhatsApp duk suna ɗora laifin kan batir ko KEDCO. Amma wani kaso na laifin yana wuyan manhajojin da ba su san lokacin da ya dace su yi aiki ba.

Manhaja tana iya yin aiki a cikin wayar, ko ta tura shi ga manyan sabobin intanet da ake kira gajimare. Turawa kan rage wa wayar nauyi idan sabis na da ƙarfi. A tsakiyar rumfunan kwano kuwa, inda sabis ke rawa, wayar sai ta ƙara ƙarfin siginarta, saƙo ya katse ta sake turawa. A nan turawar takan fi aikin kansa cin batir, ga data da ta tafi.

Manyan kamfanoni sun gane haka. A 2020 Google ya sanar da cewa yana jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba a cibiyoyin bayanansa zuwa lokacin da wutar rana da ta iska suka yawaita. Android ma tun 2015 yake da Doze, wanda ke tara ayyukan bayan fage idan an ajiye waya. Akwai kuma WorkManager, da mai gina manhaja zai iya umartar ta da ta jira caji ko Wi-Fi kafin ta ɗora manyan fayiloli.

Saboda haka mai gina manhajar 'yan kasuwa a Arewa ba shi da uzuri. Tabbatar da biyan kuɗi ya tafi nan take. Hotunan kaya da lissafin ciniki su jira dare, ko lokacin da sola ke ba da wuta.

Mai waya ma yana da nasa aikin: ya kashe sauke bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ya sa Play Store da Google Photos su jira Wi-Fi. Wayar ɗan kasuwa da ta mutu ana tsakiyar ciniki, kwastoman ba zai tsaya jiranta ba, rumfar gaba zai wuce.