Binne: Magana A Kan Miƙa Kai Ga Ubangiji

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, sau da yawa mukan tashi cikin sujada mu ce mun miƙa kanmu ga Ubangiji, rai da jiki. Faɗar wannan ba wuya. Amma ran da aka kafa takardar rabon wuraren aiki, sai ka ga kowa na fata sunansa ya faɗa Kano ko Zariya ko Gusau. In wani ya ga an tura shi ƙauye kamar Badarawa, can ƙasar Shinkafi, gaba da Ƙaura Namoda inda hanyar jirgi ta tsaya tun 1929, sai ya shiga neman wanda zai roƙa a sauya masa wuri. Ni a ganina, a wannan rana a ke gane wanda ya miƙa kansa da gaske.

Manoman wannan ƙasa suna da wata al'ada da a ke kira binne. Ƙarshen bazara, rumbu ya kusa ƙarewa, sai maigida ya ɗebi irin gero, wanda da ya so da an daka an ci, ya je ya rufe shi cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. In ruwa ya zo da wuri, ya riga kowa cin tumu. In ya yi yayyafi ya ɗauke, iri ya lalace. Ya san haka sarai, amma ba shi da iko da hadari. Iri ne nasa, shi kuwa ya bayar. To, haka bangaskiya ta ke.

Manzo Bulus, cikin sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya kwatanta zaman mai bi da hadaya, amma wadda ba a yanka ba. Ragon da aka yanka sau ɗaya ya ke bayar da ransa. Mai rai kuwa kowace safiya sai ya sake kawo kansa, ko yana jin daɗi ko ba ya ji.

Ku dubi yadda aikin mishan na SIM ya faro. Cikin 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida hannu wofi. Sai 1902 aka sami wurin zama a Patigi. Biyun nan ba su ga ko tsiro ba, amma ekklisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta cikin 1954, daga wannan binne ta fito.

Kada kuma mu zaci abin na Turawa ne kaɗai. Daga wajen 1937 aka danƙa wa mishan zangon kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, da na Babbar Ruga a Katsina. Waɗanda suka fi wanke gyambo da ɗaure shi kullum 'yan ƙasa ne, waɗansu ma su kansu masu cutar. Yawancinsu ba wanda ya san sunansu yau sai Allah, amma hadayarsu ba ta kāsa ta kowa ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, “Malam, ƙasar Shinkafi da Zurmi ta sha wuyar 'yan bindiga, an kuma kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe cikin 1921.” A'a, cikin 2021 ne, jiya-jiyan nan, ba labarin kakanni ba ne, ban kuwa raina tsoronsa ba. Miƙa kai ba jefa rai cikin rijiya ba ne. Almasihu da kansa ya yarje wa almajiransa su bar garin da a ke tsananta musu, Bulus kuma cikin kwando aka zurara shi daga ganuwar Dimashƙu. Wanda ya kwashe iyalinsa daga bakin bindiga ba shi da laifi. Sai dai kowa ya tambayi zuciyarsa, shin bindiga ya ke gudu, ko rashin lantarki? In kuwa tilas ta sa ya tsaya birni, ai 'ya'yan waɗanda suka gudo suna nan bakin tasha ba karatu. Nan ma gona ce.

Abu ɗaya ya rage. Mai bi da ya tafi wannan ƙasa zai iske kusan dukan maƙwabtansa Musulmi ne. Ya koyar da 'ya'yansu, ya yi jiyyar marasa lafiyarsu, ba tare da ya mai da alli ko magani abin ciniki ba. Kyautar da a ke jiran tukuicinta bashi ce. Nasa shi ne ya rufe iri, ruwa kuwa na Allah ne.

Allah ya ba mu zuciyar manomi, ya kawo wa ƙasar Zamfara zaman lafiya. Amin.