Shekara 65 Ta Isa: A Bar Matuƙin Jirgi Ya Huta

A babban taron hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da aka yi a birnin Montreal na Kanada a ƙarshen watan Satumban 2025, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama, IATA, ta nemi a ɗaga shekarun ajiye aikin matuƙan jiragen fasinja daga 65 zuwa 67. Taron bai amince ba a wannan karon, kamar yadda majalisar dokokin Amurka ta ƙi irin wannan buƙata a 2024. Amma masu neman ba su haƙura ba, za su dawo. Mu kuwa muna cewa a bar dokar yadda take.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Ɗambatta ko Bichi ko Kunci da wannan magana? Ruwansa ya kai har wuya. Yawancin mutanen karkararmu sau ɗaya suke hawa jirgi a duk rayuwarsu, ranar tafiya aikin Hajji. Kujerar 2025 ta haura naira miliyan takwas. Manomi ya yi shekaru yana kai gero da gyaɗa kasuwa, ya sayar da shanun huɗa, wani har da yankin gona, kafin ya haɗa kuɗin. Ba shi ya zaɓi kamfanin ba, bai san matuƙin ba, ba shi da ikon tambayar lafiyarsa. Bayan Allah, doka ce kaɗai ke tsaya masa.

Hujjar masu son ƙari ba ta banza ba ce. Suna cewa mutane sun fi daɗewa da ƙoshin lafiya a yanzu, kuma an ɗaga shekarun daga 60 zuwa 65 a 2006 ba tare da an ga ɓarna ba. Suna cewa likita na duba matuƙi duk shekara, in ya kai 60 kuma duk wata shida. Sun ma yi alkawarin cewa wanda ya haura 65 zai zauna ne tare da wanda bai kai ba. Sukan kuma tuna mana cewa Chesley Sullenberger yana da shekara 57 ya sauke jirgi a kan kogin Hudson a 2009, ba wanda ya mutu. Mun yarda, gogewa ba ta sayuwa a kasuwa.

To amma a dubi abin da gwajin likitan ke iyawa. A watan Agustan 2023 wani matuƙin kamfanin LATAM ɗan shekara 56 ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Miami zuwa Santiago, aka karkata zuwa Panama, bai tashi ba. A watan Oktoban 2024 matuƙin Turkish Airlines ɗan shekara 59 ya rasu a sama tsakanin Seattle da Istanbul, abokan aikinsa suka sauke jirgin a New York. Masu son ƙari na cewa: ga shi nan, waɗannan ko 60 ba su kai ba, ashe ba shekaru ba ne. Mu akasin haka muka gani. Duka biyun da takardar lafiya suka hau jirgi. Ashe gwaji yakan yi kuskure. Kuma duk likita zai gaya maka bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne da shekaru. In rariya tana zubar da tsaki, ba a ƙara mata tsaki a ce za ta gyaru.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san wannan ƙa'ida: duk tsarin da rai ya rataya a kansa ba a barinsa da kariya ɗaya. Jirgi yana da kariya uku a nan: gwajin likita, matuƙi na biyu, da iyakar shekaru. Ta ukun ita ce ba ta jiran ra'ayin kowa. Likita mutum ne, ana iya jin nauyinsa, yana iya jin nauyin wani. Matuƙi ma yana iya ɓoye ciwo don tsoron rasa abincinsa. A ƙasar da ake zuwa kotu a yi rantsuwar rage shekaru don a daɗe a ofis, wa zai ce mana mu sassauta iyakar da ta rage?

Ba tsufan matuƙi ne ya jawo manyan haɗurran alhazanmu ba, kuma ba mu ce shi ne ba. Ranar 22 ga Janairun 1973 mutum 176 suka rasu a filin jirgin Kano suna dawowa daga Jidda. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin alhazai mai zuwa Sakkwato ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna an san tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, amma aka tashi don kada a makara. Darasin ke nan: duk sa'ad da kamfani ke gaggawa, kariya ce ake fara tsakura. Lokacin jigilar alhazai kuwa shi ne lokacin gaggawa, ga zirga-zirga dare da rana, ga ƙarancin barci. A nan ne jikin ɗan shekara 66 zai nuna shekarunsa.

Ainihin dalilin wannan fafutuka shi ne kamfanoni na kukan ƙarancin matuƙa. Wannan kuka ba namu ba ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana yaye ɗalibai, kuma tun 1964 aka kafa ta. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa ɗari ƙasar Jodan suka koyo tuƙin jirgi da kuɗin jama'a, da dama daga cikinsu suka dawo suka yi shekaru ba kujera. Kamfanoni na son wanda ya tara sa'o'in tashi kuma ya ƙware a irin jirginsu, amma ba sa son biyan kuɗin horon. Riƙe dattijo shekara biyu ya fi musu araha. Ga yaranmu kuwa, shekara biyu ce ta ƙarin jira, lasisi na tsufa a aljihu.

Za a ce ai an ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 a 2022, alƙalan manyan kotuna zuwa 70 a 2023. Haka ne. Amma alƙali in jiri ya ɗebe shi sai a ɗage zama. Jirgin da ke gangarowa Kano cikin hazo ba ya ɗaguwa.

Mu da muka tashi a gandu mun san yadda ake yi. Maigida in ƙarfi ya fara ja baya yakan miƙa garma ga 'ya'yansa, ba don an raina shi ba. Shi ne dai mai faɗin ranar shuka, shi ne mai duban hadari ya ce a dakata. Haka ya kamata a yi wa dattijon matuƙi: a ba shi aji a Zariya, a ba shi na'urar kwaikwayon tuƙi ya horar da na baya, a biya shi da daraja.

Muna kira ga hukumar NCAA da wakilan Najeriya a ICAO: in maganar ta sake tasowa, ku ce a'a. Ku ƙarfafa gwajin lafiya, ku tsananta dokar hutun matuƙa a lokacin Hajji, ku sa kamfanonin da ke cin kuɗin alhazanmu su ɗauki matasanmu su horar. Hukumar alhazai ta ƙasa kuma ta sa wannan cikin sharuɗɗan ba da kwangilar jigila.