Shaidar Duwatsu a Kan Man Fetur da Juyin Yanayi

Tun watan Mayu na 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane ƙunshin atamfa a Kantin Kwari ta Fagge da kowane buhu a kasuwar Sabon Gari. Saboda haka attajirai suna tambaya: tun da an sami mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin haƙa cikin Nuwamba 2022, me zai hana a same shi ƙarƙashin Kano? Amsar tana cikin ƙasa, mai haƙar rijiya kuwa ya riga kowa ganin farkonta.

Wanda ya haƙa rijiya a Fagge yakan wuce turɓaya, ya wuce marmara, sa'an nan ya tarar da fa mai tauri wanda diga ba ta cinsa. Asalin irin wannan fa narkakken dutse ne da ya daskare, ba ya kuwa riƙe mai. Mai ba ya samuwa sai a kwarin da ruwa ya daɗe yana zubar da yashi da laka, hawa bisa hawa, kamar warƙoƙin littafi, ta ƙasa ita aka fara rubutawa.

Irin wannan littafi yana kwance a kwarin Gongola, inda Kolmani take. A ƙasa akwai dutsen yashi na Bima, wanda koguna suka zuba tun wurin yana tudu. Bisansa akwai farin dutsen da ake fasawa a Ashaka domin siminti, da ɓawon halittun bahar a cikinsa. Bisa wannan sai baƙar laka ta Fika, sa'an nan dutsen yashi na Gombe, alamar ruwan ya janye. Masana duwatsu sun lissafta cewa kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce duniya ta fi ta yau zafi, ruwan bahar ya cika har ya ratsa Sahara daga arewa zuwa kudu. Ƙananan halittun ruwa suka mutu, suka nutse cikin laka inda babu iska, nauyi ya danne su, zafin ƙasa ya dafa su, suka zama mai. Man Agadem na Jamhuriyar Nijar, wanda matatar Damagaram take tacewa tun 2011, daga lakar irin wannan bahar ya fito.

Warƙoƙin sama su ma suna da nasu labari. Daga wajen Haɗeja zuwa Barno akwai tsofaffin jigayi da iska ta tara sa'ad da hamada ta sauko kudu. Bayansu ruwa ya dawo, Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai Bama. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta ƙasar Yobe cikin 1987 ya kai shekara 8,000. Tafkin nan yana da murabba'in kilomita kimanin 25,000 cikin 1963, amma bayan farin 1973 da na 1984 ya koma kamar ushirin haka.

Hukunci biyu ne ke fita daga wannan shaida. Na farko, birnin Kano bisa fa yake zaune, don haka duk dillalin da ya tsawwala kuɗin fili da ji-ta-ji-tar mai, a ƙyale shi da filinsa. Na biyu ya fi nauyi. Juyin da duwatsu suka rubuta dubban shekaru ya ɗauka, amma hayaƙin man da ake ƙonawa yana tsare zafi a sararin sama, yana gaggauta juyin cikin rayuwar mutum ɗaya: fari wata shekara, ruwa mai ɓarna wata shekara. 'Yan Kantin Kwari sun ɗanɗana wannan a daminar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dukiya mai yawa. Kasuwar da ke cikin kwari, wajibi ne ta girmama hanyar ruwa.

Ya kamata attajirai su haɗa kai a yashe magudanu har zuwa Jakara kafin damina, a daina gini bisa hanyar ruwa, a ɗaga kaya daga ƙasa. Malamai kuma su tunatar a wurin karatu cewa lura da halittar ƙasa yana cikin tuntuni da aka kwaɗaitar. Allah shi ne Masani.