Wa Ya Ce Tsada Ita Ce Inganci? Magana A Kan Kwamfutar Alfahari

Duk wanda ya zauna a ɗakin karatu a 'yan watannin nan ya ga abin da muka gani. Wata sabuwar cuta ta shigo cikinmu, mu ɗalibai da yayyenmu ƙananan ma'aikata, wato cutar auna darajar mutum da tambarin da ke bayan kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Yaro zai baro Kankiya ko Kusada da buhun garin kwaki da ƙullin yaji, bai cika zango biyu a jami'a ba sai ka ji yana faɗi da ƙarfi cewa shi ba ya taɓa kwamfutar da ba siririya ba ce, mai jikin azurfa, wadda in an buɗe ta a aji kowa sai ya waiwayo. Mu kuwa muna da tambaya guda ɗaya da muke so a amsa mana kafin wani ya sake matsa wa tsohonsa ya kai bijimin huɗa kasuwa: wannan kuɗi da ake zubawa, me yake saya?

Bari mu fara da lissafi, tun da an ce mu masu ilmi ne. A shekarar 2025 kamfanin Apple ya sa wa mafi arahar MacBook Air ɗinsa dala 999 a Amurka. A wannan shekara ana canjin dala ɗaya a kan wajen naira 1,500, ke nan kuɗin ya tasam ma naira miliyan ɗaya da rabi, ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki a sakatariyar ƙaramar hukumar Kusada sai ya tara albashin wata ashirin da ɗaya, bai ci ba, bai sha ba, bai kai ɗansa asibiti ba. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND kuwa sai ya tara na wata saba'in da biyar, wato shekara shida da ɗoriya, ya gama digiri ya yi bautar ƙasa bai kai ba. Wannan fa ƙaramar ke nan a gidansu a 2025.

Za a ce mana ai araha ba ta ado, kuma abu mai kyau shi ke sayar da kansa. To, mu duba kyan. A jikin kwamfuta babu inda ɗalibi ko akawu ya fi taɓawa kamar allon madannai. Da shi ake buga kundin kammala karatu, da shi ake buga takardar ofis, da shi ake neman aiki. Shi ne fartanyar mai ilmin boko. Manomin Kankiya ba ya sayen fartanya don ƙotarta na sheƙi, bakin yake dubawa, ya kuma tabbata in ta dakushe akwai maƙerin da zai koɗa ta a garin. Mu da aka tura makaranta mun kasa yin wannan hankali.

Ga abin da ya faru, ba a ɓoye yake ba, duniya ta sani. A shekarar 2015 kamfanin Apple ya fito da wani sabon salon madannai da ya kira malam-buɗe-littafi, saboda ɗan abin da ke ƙarƙashin kowane madanni yana buɗewa ne kamar fukafukan wannan ƙwaro. Dalilin ƙirƙiro shi guda ɗaya ne, a rage kaurin kwamfuta. Tsohon salo, mai kama da almakashi, yana ba madanni sarari ya nitse ya taso. Sabon kuwa da ƙyar yake motsi, nitsewarsa ba ta kai milimita ɗaya ba. Sakamakon haka, in ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin burodi ya shige ƙarƙashi, ba shi da inda zai faɗa, sai madannin ya ƙame, ko ya ƙi buga harafi, ko ya buga shi sau biyu. Daga 2016 aka sa wannan salo a manyan MacBook Pro, waɗanda suka fi tsada. Mutane suka yi ta kuka. Shawarar da kamfanin ya rubuta wa masu kukan ita ce su karkata kwamfutar, su fesa mata iska daga gwangwani. Sai a watan Yunin 2018 ya buɗe shirin gyara kyauta, a watan Maris na 2019 ya ba da haƙuri, a ƙarshen wannan shekara ya fara komawa ga tsohon almakashin da ya raina, ya kammala komawar a 2020. A 2022 ya yarda ya biya dala miliyan 50 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai shi a kotun Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba.

Ku lura da abu biyu a cikin wannan labari. Na farko, shekara biyar kamfani mafi arziki a wannan sana'a ya yi yana sayar da madannai masu tsoron ƙura a kan farashi mafi tsada. Tsadar ba ta kare kowa ba. Na biyu, wa aka biya diyya? Waɗanda suka saya a Amurka. Gyaran kyautar ma na shekara huɗu ne daga ranar da aka fara sayar da kwamfutar, kuma wa'adin ya wuce. To ina waɗannan kwamfutoci suke yanzu? Ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Da yawa daga irinsu suna cikin kayan hannu da ake jibge wa ƙasashenmu, suna kan teburan kasuwar kwamfuta ta Ikeja da shagunan Kano, an goge su suna walƙiya, suna jiran ɗan Kusada mai son a ce da shi wane. Abin da Bature ya kai ƙara a kansa, shi ne mu muke ciwo bashi mu saya. In wannan ba sabon salon mulkin mallaka ba ne, a gaya mana sunansa.

Kuma wace ƙura ake magana? Ƙurar ofisoshin Kalifoniya, masu na'urar sanyaya ɗaki da tagogin da ba a buɗewa. Mu kuwa 'ya'yan hunturu ne. Daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙurar Sahara ta zube mana. Duk wanda ya kwana a Kankiya cikin Janairu ya san in ka share tebur da asuba, kafin azahar za ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Wanda ya hau babur daga bakin titin Kano zuwa Katsina ya nufi ƙauyukan Kusada ya san yadda girarsa ke komawa. Na'urar da ƙwayar ƙura ɗaya ke kayar da ita, a kawo ta nan, ai an kai kaza gidan muzuru.

Wani abokin karatunmu, ba za mu faɗi sunansa ko na kwamfutar ko na shagon ba, ya sayi irin siraran nan bara da kuɗin da yayarsa ta tara na adashi. Ana saura mako uku ya miƙa kundinsa, harafin a ya mutu. Ku yi tunani, harafin a, a kundin da aka rubuta da Hausa! Ya kai wa masu gyara uku. Kowanne ya juya ta ya ce allon a manne yake da murfin sama, ba ya fita shi kaɗai, sai dai a sauya rabin jikin, kuma sai an aiko da shi daga Legas. Kuɗin da aka yanka masa ya isa ya sayi wata kwamfutar ta hannu sukutum. Ƙarshenta ya sayi allon madannai na tebur mai igiya, ya riƙa yawo da shi a leda. Kwamfutar da aka saya don sirantarta ta koma kaya biyu. Mun yi masa dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don mun san yayar tasa.

A nan ne ainihin ta'asar take. Kowace na'ura tana lalacewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne, in ta lalace wa zai gyara? Tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su ThinkPad da kamfanin IBM ya fara yi a 1992 kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, da ire-irensu na Dell da HP da aka ƙera don ma'aikatu, da yawansu noti biyu ko uku za a kwance allon madannai ya fito, a sa wani cikin minti goma. Yaron da ya koyi gyara a Katsina zai yi maka wannan kana tsaye. Masu tsadar kuwa, saboda tseren siranta, an dinga manne batir da gam, ana like ƙwaƙwalwa a jikin allon ciki, ana dasa madannai da ƙananan ƙusoshi, yadda ba mai taɓawa sai wakilin kamfani. Kamfanin Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, sai dillalai. Ashe ɗan Kankiya yana biyan kuɗin hidimar da aka tanada don mutumin Landan, hidimar da shi ba zai taɓa gani ba.

Kada a ce mun rufe ido. Mun san an gyara madannan tun 2020, kuma na yanzu ba su da waccan cuta. Mun san tun da kamfanin ya fara ƙera ƙwaƙwalwarsa ta M1 a ƙarshen 2020 batirin kwamfutocinsa yana wuni ana aiki, kuma a garin da wutar lantarki take zuwa kamar baƙuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda sana'arsa haɗa fim ce, ko zanen gine-gine, kuma na'urar za ta mayar masa da kuɗinta, ya saya, Allah ya sa albarka. Amma mu nawa ne haka? Ɗalibin Tarihi, da ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, da akawun sashen kuɗi, aikinsu bugu ne da karatu da ɗan lissafi. Ragowar kuɗin da za su zuba a kan tambari ya isa ya sayi batir na biyu da ƙaramin faifan sola, har a yi canji.

Sa'an nan ga wani abin takaici da ba mu taɓa jin masu alfaharin sun ambata ba. Ka biya miliyan ɗaya da rabi, ka buɗe kwamfutarka, ka nemi ƙ, ka nemi ɗ, ka nemi ɓ. Babu ko ɗaya a kan madannan. Waɗannan haruffa masu lanƙwasa suna cikin rubutunmu tun shekarun 1930, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939. Abin da maɗaba'ar Zariya ta iya da dalma a zamanin kakanninmu, masu ƙera kwamfutar miliyoyi ba su ga ya kai su zana shi a kan madanni ba, alhali Bafaranshe da Bajamushe da Balarabe kowa an yi masa allonsa. Gaskiya ne akwai tsarin Hausa a cikin manhajar Windows, in an san inda yake sai a kunna, amma sai mutum ya haddace wurin kowane harafi a kansa. Yawancinmu ba mu damu ba. Shi ya sa ake ganin takardun da baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki, har a kundin ɗaliban sashen Hausa. Mai tsada da mai araha duk ɗaya suke a wannan rashi. To in dai duk za su yi mana shiru da harshenmu, don me za mu biya mai tsadar ladan rainin?

Ƙannenmu da ke sakandare a Kusada ma madannai ne ke tsakaninsu da jami'a. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2017 kuma ta shigo da tsarin madannai takwas don yaron da bai saba da linzami ba ya iya amsawa. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da yatsansu ya taɓa madanni. Kuɗin kwamfutar alfahari guda ɗaya zai sayi na hannu masu ƙwari da dama, a ajiye a ɗaki guda yara su koya. Muna so masu riƙe da muƙamai da ke rabon kwamfuta a bainar jama'a, da shugabannin sassa da ke rubuta takardar sayen kayan ofis, su ji wannan da kyau.

Ba kuma muna cewa a rufe ido a kwashi kowace tsohuwa ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta Intel ta gaza zubi na takwas. Dillali ba zai gaya maka wannan ba, sai ka tambaya. Haka nan duk MacBook ɗin da aka ƙera tsakanin 2015 da 2019, a bincika wane salon madannai ke jikinta kafin a taya, kome kyanta.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai, da ƙungiyoyin 'yan asalin Kankiya da Kusada da ke cikinta, su sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa. A kafa ɗan kwamiti na ɗaliban kimiyyar kwamfuta da zai riƙa raka sababbin ɗalibai kasuwa. Kafin a miƙa ko kwabo, a buɗe shafi a gaban mai shago a danna kowane madanni sau goma, a tambaye shi nawa ne sabon allo kuma a wane gari ake samunsa, a sa shi ya rubuta kwanakin garanti a kan rasit. A kuma ware yammacin Asabar ɗaya a kowane zango a koya wa kowa yadda ake kunna haruffan Hausa. Mu da muka rubuta wannan mun ɗauki nauyin zaman farko, Asabar ta biyu bayan an dawo hutu, kowa ya zo da tasa.