Sautin Waƙa A Intanet: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Tun da cinikin kaset ya mutu, waƙa ta koma cikin wayar hannu, kamfanonin da ke aika wa mutane kiɗa ta intanet suke ta gasar neman masu saurare. Boomplay ya soma aiki a Nijeriya cikin 2015, Spotify kuma ya iso cikin 2021. Daga cikin hajar da ake talla a wannan kasuwa akwai sauti mai tsananin tsabta, wanda aka ce ya fi na faifan CD. Ma'aikaci ko ɗalibin Birnin Kebbi da zai taɓa ɗan abin da ke aljihunsa ya cancanci ya san abin da ake sayar masa. Hukumomin da ke riƙe da waƙoƙin gargajiya na ƙasar Kabi kuwa sun fi shi bukatar sani.

Ga yadda al'amarin yake. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ke ba shi damar kama karkarwar sauti har wajen 22,000. Kunnen ɗan Adam, ko na saurayi mai ƙoshin lafiya, ba ya wuce kimanin 20,000, kuma yana raguwa da shekaru. Sabon sautin da ake talla yana awo sau 96,000 ko 192,000. Watau mafi yawan ƙarin da ake biya wa kuɗi yana can inda kunne ba ya kaiwa.

Sai kuma maganar kulle. Cikin 2014 wani kamfani a Ingila ya fito da tsarin MQA, wanda ke naɗe sautin ya ƙanƙance, ba ya warwaruwa sosai sai a na'urar da masu ƙera ta suka biya kuɗin lasisi. Kamfanin Tidal ya rungumi tsarin cikin 2017, masu hali suka sayi na'urori masu tsada dominsa, ko da yake masana da dama sun yi ta nuna cewa abin da aka naɗe ba ya komawa daidai yadda yake tun asali. Cikin 2023 kamfanin MQA ya durƙushe, wani kamfanin Kanada ya saye abin da ya rage. Cikin 2024 Tidal ya yi watsi da tsarin, ya koma ga FLAC, wanda aka fitar tun 2001, ba ya zubar da kome daga sautin, kuma kowa yana iya amfani da shi kyauta. Waɗanda suka zuba dukiya suka wayi gari da mabuɗin ƙofar da aka riga aka toshe.

Ga mai saurare a kwarin Rima lissafin ba shi da wuya. Waƙar minti biyar a tsarin MP3 ba ta cin fiye da megabait biyar zuwa goma, amma a mafi tsabtar sauti takan haura 100. Bayan an ƙona wannan data, sautin zai fito ne ta lasifikar waya ko ta Bluetooth, wanda shi ma matse sauti yake yi kafin ya isar da shi. An sayi ingarma ke nan an ɗaure shi a turken akuya.

Amma ba a ce tsabtar sauti ba ta da amfani ba. Wurin amfaninta shi ne ajiya. Aliyu Dandawo, wanda ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu kafin ya koma Yawuri, da ɗansa Sani, da Gambu na Fagada, duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage na muryoyinsu yana kan kaset da zaren rikoda da ke hannun gidajen rediyo da 'yan tsirarun masu sha'awa, zafi da ƙura suna cinsa kullum. Babu tsarin da zai mayar wa tsohon kaset abin da bai ɗauka ba, sai dai kwafi mai kyau yana tsare abin da ya ɗauka, kwafi maras kyau kuwa yana daɗa rage shi. Haka nan kiɗan da ake yi cikin jirage a Matan Fada ranar su, a bikin da aka faro cikin 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Irin wannan sauti shi ya cancanci a ɗauke shi da mafi kyawun awo, domin ba a san irin na'urar da jikoki za su saurare shi da ita ba. Saboda haka ne ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar ajiya a tsarin WAV, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa ba tare da neman izinin kowa ba.

Bisa ga wannan, ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi ta haɗa gidan rediyon jiha da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, su tattara tsofaffin kaset, su kwafe su a tsarin da ba shi da kulle, a ajiye kwafi a wurare dabam-dabam. Duk wata yarjejeniya da za a ƙulla da kamfanin intanet, lalle a rubuta cewa kwafi aka ba shi, asalin yana gida, kuma iyalan mawaƙa suna da rabonsu. Jami'in da ɗan kwangila ya kawo wa na'ura mai sunan zamani, tambaya ɗaya ta ishe shi: in kamfanin nan ya mutu gobe, wa zai buɗe waƙar?

Kamfanin MQA bai cika shekara goma a tsaye ba. Waƙoƙin fadar Kabi sun ga sarakuna da yawa sun zo sun wuce. Ba daidai ba ne a damƙa mai tsawon rai a hannun mai gajeren kwana.