Haɗa fitila da fanka ba ƙirƙira ba ce

Tun bayan annobar korona, kamfanoni a Amurka suke rububin fitilun da ke tsabtace iskar ɗaki: ƙwan lantarki, da ƙaramar fanka mai zuƙo iska, da hasken ultrabayolet mai kashe ƙwayoyin cuta, duk a akwati ɗaya a jikin silin. Kowa na neman takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda za ta hana wani ƙera irin kayansa har shekara 20. In abokin gasa ya ce wannan haɗi a fili yake, duk ƙwararre a sana'ar zai iya hango shi, sai a yi masa ca, wai yana son cin gumin mai basira. Ni dai ina bayan mai ƙalubalen.

Gumin wa? Tun 1877 Downes da Blunt suka nuna a Ingila cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Daga 1937 William Wells ya rataya fitilun ultrabayolet a saman azuzuwan makarantu a yankin Filadelfiya don rage yaɗuwar ƙyanda tsakanin yara. Ilimin ya daɗe da zama na kowa. Wanda ya ɗauko fitilar Wells ya haɗa ta da fanka, kowace tana aikin da aka santa da shi, ya yi ƙira mai amfani, ya sayar ya ci riba, amma ba shi da hujjar rufe wa saura ƙofa. Haka Kotun Ƙolin Amurka ta gani a 2007, a shari'ar KSR da Teleflex kan totur ɗin mota, alƙalan baki ɗaya: haɗa sanannun abubuwa ta hanyar da aka saba, sakamakon kuma wanda ake tsammani, galibi bai cancanci takarda ba.

Lauyoyin masu takardu suna cewa komai mai sauƙi ne bayan an gan shi. Akwai gaskiya a nan. Binciken da David Brenner da abokansa suka yi a Jami'ar Kolombiya kan haske mai zangon nanomita 222, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta amma da ƙyar yake ratsa saman fatar mutum, aiki ne na gaske. Sauya wa tsohuwar fitila mazauni kuwa ba ya cikin wannan sahu.

Abin da ya fi damuna shi ne farashi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sa fitilun ultrabayolet a saman ɗakunan asibiti don rage yaɗuwar tarin fuka, Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba. In takarda marar tushe ta kori masu ƙera mai araha daga manyan kasuwanni, asibitocinmu da ke saye daga waje su ne za su rasa zaɓi.