5G a Gabon: gudu ake mana talla, amma saƙo ya isa lafiya shi ne magana

Tun ƙarshen 2019 da Gabon Telecom ya yi gwajin 5G a Libreville, duk sanda aka ta da zancen, gudu ne kan gaba: fim zai sauka cikin ƙiftawar ido. To madalla. Sai dai ɗan kasuwar Lalala da ke tura kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, ko uwar da ke aika murya Garwa ko Maraɗi ta WhatsApp, ba fim ne ya dame su ba. Damuwarsu ita ce abin da suka aika ya isa yadda suka aika shi.

Duk malamin da ya taɓa yin shifta ana ruwa a kan rufin kwano ya san matsalar. Ka faɗi kalma, yaran baya su rubuta wata daban, sai ka maimaita sau uku, lokaci ya tafi. Haka salula take da eriya. Saƙo yana tafiya ne a matsayin sifiri da ɗaya, kuma bango, nisa da cunkoson masu kira kan juya sifiri ya koma ɗaya. Maimaici magani ne, amma mai tsada, don yana cinye hanya. A 1948 Claude Shannon ya nuna cewa kowace hanya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma ƙasa da wannan iyaka ana iya rage kuskure ya kusa zama babu. Yadda za a yi hakan a aikace ne ya ɗauki masana shekaru da dama.

Erdal Arıkan, malami a Jami'ar Bilkent da ke Ankara a Turkiyya, ya fito da tasa dabarar a 2009, wadda ake kira tsarin Polar. Ya nuna cewa in aka harhaɗa hanyoyi masu hayaniya da yawa ta wani lissafi, sai su tsage gida biyu: wasu su zama garau, wasu su lalace gaba ɗaya. Sai a ɗora saƙon a kan masu kyau, a cika marasa kyau da sifiri wanda mai karɓa ya riga ya san da shi. Kamar fatake ne: amana a hannun wanda aka yarda da shi, sauran su tafi da buhun da kowa ya san babu komai a ciki.

A takarda abin ya yi kyau, amma a gajerun saƙonni ya yi rauni da farko. Gyaran ya zo a 2011 daga Ido Tal da Alexander Vardy: maimakon na'ura ta yanke hukunci ɗaya ta wuce, sai ta riƙe zato da yawa a lokaci guda, a ƙarshe ta duba wani ɗan hatimin lissafi da aka liƙa wa saƙon, ta zaɓi wanda ya dace. Yawan zaton yana ƙara inganci, yana kuma ƙara cin batir. A nan injiniyoyi ke ta ja-in-ja har yau.

Daga nan siyasa ta shigo. A Nuwamba 2016, a taron ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin salula a birnin Reno na Amurka, aka raba gardama: tsarin LDPC, wanda kamfanonin Amurka suka mara wa baya, ya ɗauki manyan bayanai, Polar da Huawei na China ya zuba wa jari ya ɗauki saƙonnin umarni tsakanin waya da eriya. Ƙanana ne, amma in sun lalace waya ba ta ma san inda za ta nemi sauran ba. Abin dariya, Robert Gallager da ya ƙirƙiro LDPC shi ne malamin Arıkan a MIT. A 2018 Huawei ya karrama Arıkan a Shenzhen, a 2019 Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi.

Mu ina muke a nan? Masu saye ne, kuma kuɗin haƙƙin waɗannan dabaru yana cikin farashin wayar da muke saya a Mont-Bouët. Sannan Polar ba ya aiki sai waya da eriya duka na 5G ne. Mai wayar 4G yana kan tsarin Turbo ne na Bafaranshe Claude Berrou, na 1993, komai tallar da aka yi masa. A Najeriya MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6 don lasisin 5G bayan gwanjon Disamba 2021, kuma irin wannan kuɗi daga aljihun mai saye yake dawowa. Shi ya sa a ganina tambayar da ya kamata hukumar ARCEP ta sa a gaba ita ce: unguwanni nawa rezo zai kai, Bitam da Oyem suna ciki, kuma jaka nawa a wata?

Akwai kuma yankewar da lissafi bai da ta cewa a kanta. Ranar zaɓen 26 ga Agusta 2023 an rufe intanet a duk faɗin Gabon, bai dawo ba sai 30 ga wata, ranar da sojoji suka karɓi mulki.